Ranar Da Na Kasa Gane Mutumin Da Ya Ba Ni Tabarmarsa

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun nan da ɗan tsawo, wanda yake cikin lakca ya ajiye shi sai an tashi. Na fi wata guda ina so in rubuta, kunya tana hana ni. Yau dai na ce bari in faɗa, ko wani zai tsira daga abin da na yi.

Shekara uku ke nan da na fara shigowa Ibadan. Mun taso daga Funtuwa bayan sallar Asuba, mota ta lalace mana tsakanin Mokwa da Jebba, muka share wajen awa biyar a bakin titi. Ba mu iso Ojoo ba sai da ƙarfe ɗaya na dare ta gota. Wayata ta mutu tun kafin Ilori, lambar ɗalibin da aka haɗa ni da shi kuma tana ciki. Ga ni tsaye da jakar gana-mas-go, na rungume fayil ɗin takarduna kamar wani zai fizge, ban san gabas ba ban san yamma ba, ko ruwa ban iya nema da Yarbanci ba. Direbanmu ne ya nuna min teburin wani mai shayi ya ce, "Yaro, je can, mutanenmu ne."

A kan bencin akwai wani mutum, ba zai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba, yana shan shayi. Na yi sallama, ya amsa, ya dube ni sama da ƙasa. Sai tambayoyi. Daga ina? Funtuwa. Wace unguwa? Na faɗa. Ɗan gidan wa? Na faɗa. Mahaifiyarka 'yar ina ce? Na ce Danja. Sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Ashe ni kawunka ne. Ni ma mutumin Danja ne, tumatir nake sayarwa a nan." Ya sa aka haɗa min shayi da burodi da ƙwai. Ya tambayi lafiyar gida, har na gaya masa Hajiyarmu tana fama da ciwon ƙafa. Daga nan ya ɗauki jakata da kansa, muka taka zuwa ɗakinsa. Tabarma ɗaya ce a ɗakin. Ya ba ni, shi kuma ya shimfiɗa buhu a bakin ƙofa. Da gari ya waye ya sa min waya a caji, ya tare min Maikira, ya biya kuɗin mota, ya cusa min wani abu a aljihu. Abin da ya ce da ni kawai shi ne, "In ka zauna ka neme ni."

Na ajiye lambarsa da sunan "Kawu Ojoo". A zango na biyu wayar ta ɓace, lambar ta bi ta. Ni kuma ban koma ba. Daga get ɗin makarantarmu zuwa Ojoo, in ba cunkoso, ko minti ashirin ba a yi. Kullum sai in ce bayan jarabawa. Jarabawa nawa aka yi tun daga lokacin, ku ma kun sani.

To watan jiya aka yi wa wani tsohon ɗalibinmu haihuwa, muka tafi suna Sabo mu huɗu, kowa ya ci shadda. An shafa Fatiha, ana raba goro da dabino, sai na ji an kama hannuna an ƙi saki. Wani mutum ne cikin babbar riga da hula, fuskarsa cike da fara'a. Ya kira sunana har da na mahaifina. Ya ce, "Ya karatu? Ya ƙafar Hajiya, ta samu sauƙi?"

Kun san abin da muke yi a irin wannan yanayi, duk muna yi. Na buɗe murya na ce, "A'a! Ranka ya daɗe! Kwana biyu! Ya iyali? Ya aiki?" Ina ta jero gaisuwa, kaina kuma yana ta lalube, ko malamin Islamiyya ne, ko abokin Baba ne, ko wani ne daga masallacin Juma'a. Ya tsaya yana kallona har na ƙare. Sannan ya ce, "Ba ka gane ni ba." Na ce, "Haba dai, wane ni." Ya ce, "To wane ne ni?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Abokaina suna tsaye suna kallo. Na yi shiru, shi ma ya yi shiru. Can ya ɗan yi murmushi ya ce, "Ba komai, boko ne, yana cin kai. Ni ne na Ojoo, mai tabarma." Ya saki hannuna, ya shiga cikin jama'a. A wurin raɗin suna na rasa sunan mutumin da ya kwana a kan buhu saboda ni.

A hanyar dawowa na yi ta kare kaina. Da dare na gan shi, sau ɗaya tak, da kayan kasuwa, ba hula. Yau ga shi da babbar riga, tsakar rana. Duk gaskiya ne, amma ba wanda ya rage min nauyin da nake ji a ƙirji.

Da muka koma hostal na ba abokin ɗakina labari. Ɗan Gombe ne, kimiyyar kwamfuta yake karanta. Sai da ya gama dariyarsa, sannan ya ce, "Ai da kana da gilashin nan da ba ka sha kunya ba." Ya jawo wayarsa ya nuna min wani bidiyo. Wasu ɗalibai biyu ne na jami'ar Harvard a Amurka, a watan Oktoban 2024. Sun ɗauki gilashin Ray-Ban na kamfanin Meta, wanda ya fito a 2023 a kan dala 299, mai ɗauke da 'yar kyamara a gefe da lasifika kusa da kunne. In ka gan shi a fuskar mutum ba za ka ce ba tabarau ne na gayu ba. Suka haɗa shi da wata manhaja da suka rubuta, suka sa mata suna I-XRAY. Gilashin yana tura hoton abin da suke kallo kai tsaye ta Instagram, kwamfuta tana ciro fuskokin da ke ciki, ta kai su shafin PimEyes, wanda aikinsa shi ne nemo inda fuskar mutum ta taɓa fitowa a intanet. Daga nan sai a samo suna, daga suna a shiga rumbunan bayanai a samo adireshi da lambar waya da sunayen dangi, duk a turo musu a waya. A bidiyon har suna tare mutanen da ba su taɓa gani ba a tashar jirgin ƙasa, su kira su da suna, su ce ai mun taɓa haɗuwa a wuri kaza, mutum ya saki jiki ya miƙa hannu. Ba su saki manhajar ga jama'a ba, sun ce gargaɗi suke yi.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ba gargaɗin na ji ba a daren nan. Abin da na yi ta hangowa shi ne ni a Sabo, da gilashi a fuskata, wata murya tana raɗa min a kunne, "Wannan Kawu ne, mutumin Danja, kun haɗu a Ojoo shekara uku da suka wuce, ya ba ka masauki." In rungume shi, in kira sunansa, ya ji daɗi, abokaina su ce kai wane akwai zumunci.

Abin ya tsaya min a rai har na shiga karance-karance a kansa, alhali ga tes a gabana. Ashe mafarkin tsoho ne. A tsohuwar daular Rum, mai neman muƙami yakan fita da wani bawa wanda aikinsa ke nan, ya riƙa raɗa masa sunayen mutanen da suke tahowa, don ya gaishe su kamar ya san su. A zamaninmu kuma akwai wani Ba'amurke, Thad Starner, wanda tun 1993, yana ɗalibi a MIT, yake yawo da kwamfuta a jikinsa, ɗan allo a gaban ido, madannai a hannu ɗaya. In yana hira da kai yana rubuta abin da kuka tattauna, in kun sake haɗuwa ya jawo. Daga baya yana cikin waɗanda suka jagoranci aikin Google Glass, wanda aka fara sayarwa a 2013 a kan dala 1,500. A shekarar nan dai Google ya sanar cewa ba zai amince da manhajar gane fuska a kan gilashin ba, saboda ƙorafin jama'a. Facebook ma, wanda da shi ke gano fuskar abokinka a hoto ya ce ka maƙala sunansa, ya rufe wannan tsari a watan Nuwamban 2021, ya ce zai goge bayanan fuskar mutum sama da biliyan ɗaya. Wato iyawa dai an daɗe da iyawa. Abin da ake ta ja da baya a kansa shi ne ko ya dace.

Na kuma ci karo da abin da ya ɗan sanyaya min rai. Wani bincike da aka yi a jami'ar York ta Ingila a 2018 ya nuna cewa mutum, a matsakaici, ya san fuska wajen 5,000. Fuska tana zama, suna ne ke zamewa, don shi suna ba shi da abin da zai kama. Ku gwada da kanku. In aka ce maka wancan mutumin sunansa Sarki, kana iya mantawa kafin Magariba. In aka ce maka wancan sarki ne, har ka mutu ba ka mantawa, don nan take ka hango rawani da dogarai. Balle mu da rabin masallaci Muhammadu ne, sauran rabin Abubakar da Usman da Ibrahim. Ku duba wayoyinku, na tabbata akwai "Mai caji", akwai "Ɗan Yobe lakca", akwai "Malam masallaci 2", akwai kuma "Kar ka ɗauka". Kowa ya san sai ya rataya wa suna wani abu kafin ya tsaya.

Ranar Lahadi bayan taron ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa, muna zaune a inuwa kusa da masallaci, na kawo maganar. Ban ba da labarin Kawu ba, na dai ce ga wani gilashi da zai raba mutum da kunya. Maza suka ɗauka da wasa, wani ya ce a ba shi don lakcarori, wani ya ce a ba shi don masu bin sa bashi ya riƙa hango su daga nesa. Sai wata 'yar uwa da ke karanta lauya, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Ku maza kuna lissafin wanda za ku gane. Mu muna lissafin wanda zai gane mu."

Wurin ya yi tsit. Ta ce, "Yau in namiji ya tare ni a Agbowo ya ce 'yammata ya sunanki, ina da ikon in yi shiru in wuce. Wannan shirun shi ne kariyata. In yana sanye da abin nan da kake yabo, kafin in ɗauke kai ya san sunana, ya san garinmu, ya san hostal ɗin da nake, wataƙila har hoton Babana. Wa ya tambaye ni?" Wani ya ce ai gilashin yana da 'yar fitila da ke kunnuwa in ana ɗaukar hoto. Ta ce, "Da rana tsaka, a cikin Maikira, wa ke duba gefen tabaran mutum?" Ta ƙara da cewa akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta sa bayanan da ake gane mutum da su ta jikinsa cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Amma doka tana kama kamfani mai ofis da adireshi. Saurayin da ya kalle ki na daƙiƙa biyu a tasha, ina za ki kai ƙararsa, alhali ba ki ma san an yi ba?

Daga nan hirar ta canza. Wani ɗan ajin ƙarshe ya tuna mana rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, wanda aka rasa rayuka, aka ƙona rumfuna da gidaje, mutane da yawa suka bar garin. Ya ce a rana irin wannan, a ko'ina take a ƙasar nan, Kudu ko Arewa, baƙo ba abin da yake roƙo kamar ya wuce ba a san ko shi wane ne ba. Ku ɗauka akwai wani a bakin hanya da abin da zai karanto masa sunan kowa da garinsu. Ba wanda ya yi dariya. Ɗan Gombe ma, da shi ya kawo min bidiyon, ya ce kuma na'urorin nan suna kuskure, sun fi yi a kan baƙar fata. A 2018 wata mai bincike a MIT, Joy Buolamwini, ta gwada manhajojin wasu manyan kamfanoni a kan aiki mai sauƙi, su faɗi ko fuskar namiji ce ko ta mace. A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan mata masu duhun fata kuwa ya kai kusan kashi 35. A farkon 2020 kuma 'yan sandan birnin Detroit suka kama wani baƙar fata a ƙofar gidansa, gaban matarsa da 'ya'yansa, saboda kwamfuta ta ce fuskarsa ce a hoton wani ɓarawo. Ba shi ba ne. To a nan, inda ihun "ɓarawo" kawai ya isa a tara wa mutum jama'a, wa zai tsaya jiran a gyara kuskure?

Sai dai akwai wani ɗan uwanmu makaho a wurin, ɗan sashen tarihi, shi bai yarda a yi wa abin kuɗin goro ba. Ya ce, "Ni kam ina so." Ya ce ba abin da ya gaji da shi kamar mutum ya zo ya kama hannunsa ya ce "canki wane ne". In ya canka daidai a yi shewa kamar ya yi rufa-ido, in ya kasa a ce ya manta da mutane. Ya gaya mana akwai wata 'yar na'ura, OrCam MyEye, da ake maƙalawa a ƙafar tabarau, tana karanta rubutu tana kuma faɗin sunan wanda ke gabanka. Akwai manhajar Seeing AI ta Microsoft a waya, ita ma tana yi, kyauta. Amma su sai ka tsayar da mutum, da saninsa, ka ɗauki fuskarsa, ka sa sunan da kanka. Wanda ba ka ajiye ba, ba za su gaya maka sunansa ba. Akwai kuma masu ido garau da ƙwaƙwalwarsu ba ta riƙe fuska, wani ko 'yan gidansu sai ta murya ko tafiya yake gane su, masana suna ƙiyasta sun kai mutum 2 cikin 100. Waɗannan in an ba su irin wannan na'ura, sanda aka ba su.

'Yar uwar nan ta ce, "Wannan daban. Ka tambaye ni, na yarda." Nan dai muka tashi a kan cewa abu biyu ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai na'urar da ke tuna maka wanda ka riga ka sani kuma ya yarda. Akwai wadda ke tona maka wanda bai san ka ba.

Na koma ɗaki ina cewa to ni ai ta farkon nake so, ba ta biyun ba. Kawu ya san ni, da na nemi ɗaukar hotonsa a daren nan ba zai hana ba. Laifin me ke nan? Amsar ba a intanet na same ta ba.

Ranar Asabar na shirya na tafi Ojoo. Teburin mai shayin yana nan inda na bar shi. Na kwatanta masa mutumin, kafin in rufe baki ya faɗi sunansa, ya haɗa ni da wani yaro ya raka ni. Na same shi a tsakiyar kwandunan tumatir, ya naɗe hannun riga, yana ciniki da wata Bayarabiya da Yarbanci kamar a nan aka haife shi. Na jira har ta tafi. Na tsuguna na ce, "Kawu, ka yafe min."

Ya ce, "Tashi, tashi, kar ka ɓata wandonka, wurin duk ruwan tumatir ne." Ya jawo min wani kwando ya kifa, na zauna. Ya aika aka sayo min lemo. Muka gaisa gaisuwa ta gaske, na ba shi labarin ƙafar Hajiya, ya ba ni labarin kasuwa da tsadar mota. Da hira ta yi daɗi na ba shi labarin gilashin, ina so in ba shi dariya. Ya kuwa yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce, "To in gilashi ne ya gaya maka sunana, ai shi zan gaisar, ba kai ba." Ya ce, "Ka ga sanƙira a wurin biki? Ya san sunan uban kowa da kakan kowa. In ya wasa Alhaji, Alhaji zai ba shi kuɗi, amma ba zai ce wane yana ƙaunata ba. Ya san sana'a ce."

Na ce, "Kawu, kai ya aka yi ka riƙe ni? Sau ɗaya muka haɗu, da dare." Ya ce shi in ya haɗu da mutum ba ya barin sa sai ya tambaye shi har ya zama ɗan wani da ya sani, ko ɗan garin da ya taɓa kwana. Ashe tambayoyin nan na wurin mai shayi, da na ɗauka bincike ne, igiya yake ɗaura min. Ya ce kuma a daren, da na yi barci, ya daɗe yana kallona, don yana da ɗa sa'ana da ke karatu a Zariya. Ya roƙi Allah duk inda dare ya yi wa yaron ya haɗa shi da mai ba shi wurin kwana. "Wanda ka yi wa addu'a ba ka manta shi," in ji shi.

Sai kuma ya ɗan yi shiru, ya ce, "Bari in gaya maka gaskiya, tunda ka zo. Rashin gane ni bai dame ni ba. Fuska ai tana ɓacewa, ni ma ina mantawa. Abin da ya dame ni, shekara uku ba ka leƙo ba. Na yi ta tambayar yaran makarantarku da ke zuwa sayen kayan miya. Har na ce ko ba ka samu gurbin ba ka koma gida."

Ban iya cewa komai ba. A nan na gane abin da gilashin zai yi min da ina da shi. Da na kira sunansa a Sabo, da ya ji daɗi, da na dawo hostal ina ganin kaina mutumin kirki, da kuma na sake yin wata shekara ukun ban taka Ojoo ba. Ba kaina ne ya gaza ba, ƙafata ce. Hausawa da suka ce zumunci a ƙafa yake sun san abin da suke faɗa. Mantuwar alama ce kawai, kamar zazzaɓi, ciwon yana can ciki. Kunyar da na sha a gaban abokaina ita ta ɗauko ni daga hostal ta kawo ni kan wannan kwandon. Da na'ura ta ɗauke min ita, da ta ɗauke min abu ɗaya tilo da ya gyara ni.

Kuma mu da ke zaune a nan mun fi kowa sanin darajar a kira ka da sunanka. Sau nawa aka ce maka "Aboki" ko "Mala" a tasha, ka ji wani iri, don ka san mai kiran bai ga kowa ba sai hula? Ku tuna daɗin da kuka ji ranar da wata Iya mai abinci ta fara kiran ku da sunanku na yanka, ko da ta karya shi. Daɗin ba a sunan yake ba, a wahalar da ta sha ta riƙe shi yake. Mu ma fa mu faɗi gaskiya, 'yan ajinmu nawa muka shekara uku da su, har yau "wannan Bayaraben" ko "yarinyar nan Ibo" muke ce musu?

Ban ce fasaha ba ta da amfani ba, kuma na san tana tafe ko mun so ko mun ƙi. Fuskokinmu suna wurin JAMB, suna kan NIN da BVN, na'urar BVAS ta duba su a zaɓen 2023, mu da kanmu kuma kullum muna zuba su a Facebook da TikTok. Wata rana gilashin nan zai yi arha ya shigo kasuwa kamar yadda agogon waya ya shigo. In ya zo, ina fata ɗan uwanmu na sashen tarihi ya fara samu. Ina kuma fata duk wanda ya sa shi a cikinmu ya tuna tambayar 'yar uwarmu, wa ya tambaye ni. Ni dai na san ba shi ne maganin ciwona ba.

Abin da na koma yi yanzu ba wani abin a zo a gani ba ne. In na haɗu da mutum ina yi masa tambayoyin Kawu, gari, unguwa, abin da yake karantawa, abin da ya dame shi. Bayan Isha'i in rubuta layi biyu a bayan littafina. In kuma na manta mutum, na daina wasan "kwana biyu, ya iyali". Sai in ce, "Don Allah ka yi haƙuri, tuna min." Sau uku na gwada, ba wanda ya yi fushi. Lambar Kawu kuwa yanzu tana waya, tana takarda, tana kuma kaina, da cikakken sunansa.

'Yan uwa, kusan kowannenmu yana da irin wannan mutumin. Wanda ya tare ka a tasha, ko mai shagon da ya ajiye maka kaya kafin ka samu ɗaki, ko ɗan ajin ƙarshen da ya bar maka gadonsa makon rajista, ko matar da ta ba ki ruwan alwala ranar farko. Wasu suna Sabo, wasu suna Bodija, na Legas suna da nasu a Agege ko Idi-Araba, na Fatakwal da Inugu ma haka. Kafin ka karɓi takardar kammalawa ka hau mota, ka neme shi. Ba sai da tsaraba ba.

Kawu ya ce in gaya wa sababbin ɗalibai, duk wanda dare ya yi masa a Ojoo ya tambayi mai shayi, ɗakin yana nan, tabarma ma yanzu ta zama biyu. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma. Mai son raka ni mu haɗu a bakin get bayan La'asar, ya taho da leda, don ba ya barin mutum ya dawo ba tumatir.